Ma'anar "Kai-Tsaye" a Tafiyar Jirgin Sama

Kwanakin nan da wuya a ba da labarin sufurin jiragen sama ba a ambaci kalmar "kai-tsaye" ba, ko daga bakin mai karanta labarai, ko daga bakin ministan da ke murnar buɗe sabuwar hanya tsakanin ƙasashe biyu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake furta ta tamkar alkawari ce cewa jirgi zai miƙe santal ba sauka ba ratse, alhali a ƙa'idar kamfanonin jiragen sama ba haka take ba. A wurinsu, ko da jirgi ya ya da zango a wani gari ya sha mai ko ya ɗauki fasinjoji, muddin lambar tafiyar ba ta canza ba, sunanta tafiyar kai-tsaye. Matafiyin da ya tsinci kansa zaune a filin jirgin da bai yi niyyar zuwa ba, ba a saɓa masa ƙa'ida ba, kalmar ce ta ruɗe shi.

Ko miƙewar ma akwai magana a kanta. Tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da na John F. Kennedy a New York akwai kimanin kilomita 5,540, amma da yake duniya a mulmule take, hanya mafi gajarta takan lanƙwasa ta arewa, ta kusa da gaɓar gabashin Kanada, har ta fito a taswira kamar baka. Nisan bai canza ba tsakanin zuwa da dawowa, duk da haka mai zuwa New York yakan shafe kimanin awa 8, mai komawa Landan kuwa kimanin awa 7. Dalili shi ne wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can saman da jirage ke bi, wadda ke tura mai nufar gabas, ta kuma tokare mai nufar yamma. A watan Fabrairun 2020, lokacin wata guguwa, iskar nan ta kai wani jirgin British Airways daga New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56 kacal. Siyasa ma tana lanƙwasa hanya, domin tun da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Turai a 2022, tafiya daga Turai zuwa Japan ta ƙaru da awanni.

A ganina, mai ba da labari da ke nufin jirgi ba zai sauka a hanya ba, ya kamata ya ce "ba ya da zango", sannan ya faɗi awannin zuwa daban, na dawowa daban. Awannin da ke jikin tikiti kuma daga barin ƙofar shiga jirgi ake ƙirga su har zuwa tsayawarsa a ƙofar sauka, don haka sun haɗa da lokacin da yake gangarawa a ƙasa yana jiran izinin tashi.