Asid da alkali: abin da kanwa take yi wa tsami

Ɗiyar yayata, wadda ke koleji a nan Tawa, ta dawo daga lakwal da littafinta ta ce, "Kawu, mene ne asid, mene ne alkali? Malam ya ce mu hardace, amma ban gane ba." Uwarta na gefe tana jefa kanwa cikin miyar yakuwa. Na ce mata ta je ta leƙa tukunyar, amsar na ciki.

Asid shi ne abu mai tsami. Lemun tsami, tsamiya, yakuwa, nonon da ya kwana, duk suna ɗauke da shi. A wajen masana kimiyya kuwa, asid abu ne da idan ya narke cikin ruwa yakan saki ƙananan ƙwayoyin haidirojin, waɗanda ake rubutawa H+. Alkali, wanda littattafan Faransanci ke sawa cikin dangin "baz", kishiyarsa ne: yana kama waɗannan ƙwayoyi ya kashe ƙarfinsu. Yana da ɗan ɗaci a baki da santsi a hannu. Kanwa, ruwan toka da sodar masu sabulu duk nan suke. Kada a rikita kalmar da alƙali mai shari'a. Asalinta Larabci ne, daga sunan tokar wasu tsirrai da ake ƙonawa don yin sabulu, wato dai ruwan tokar da kakanninmu ke tacewa.

Idan biyun suka haɗu, ƙarfin kowanne ya faɗi, abin da ke saura gishiri ne da ruwa. Kumfar da ke tasowa in an sa kanwa cikin yakuwa iskar kabon ce ke fita, domin kanwa na ɗauke da kabonet, sinadarin da ke sakin wannan iska in ya haɗu da asid. Hausawa sun daɗe da cewa kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta, kuma maganar daidai take har cikin jiki: tumbin mutum na fitar da asid mai ƙarfi don narkar da abinci, shi ne ke hawowa ya ƙona ƙirji. Sai dai ban goyi bayan mai shan jiƙon kanwa kullum ba, don sodiyom ɗin da ke cikinta ba abokin mai hawan jini ba ne.

Ma'aunin ƙarfin ana ce masa pH. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Sørensen, ya fito da shi a 1909. Yana tafiya daga 0 zuwa 14, tsarkakken ruwa na kan 7. Ƙasa da 7 asid ne, sama da 7 alkali. Lemun tsami na wajen 2, jinin mutum kuma tsakanin 7.35 da 7.45 yake zama. Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne kowane mataki ninki goma ne, mai 2 ya fi mai 4 ƙarfi sau ɗari.

Mun gwada a tsakar gida da jiƙon sure. Ta matsa lemu a kofi ɗaya, jan ya ƙara haske. Ta zuba ruwan kanwa a ɗayan, ya rine ya koma duhu mai ɗan kore. Da wannan kaɗai ta fahimci takardar gwaji mai canza launi cikin asid ko alkali da malam ya zana musu a allo.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne ƙarshen ma'aunin biyu. Ruwan batirin mota asid ne mai cin fata da tufafi, wannan kowa na tsoronsa. Soda kuwa, da mata da yawa ke haɗawa da mai su yi sabulun sayarwa, tana wajen 13 zuwa 14, kuma in an jiƙa ta ba ta da bambanci da ruwan sha a ido. Santsin da ake ji a yatsa, kitsen fata ne take narkarwa. Ajiye ta cikin gorar ruwa inda yaro zai kai hannu babban ganganci ne. Wajen jiƙawa, sodar ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali, ba ruwa kan soda ba, saboda zafin da take tayarwa.

In ta taɓa fata ko ido, kada a ce za a kashe ta da tsami. A yi ta kwarara ruwa kamar minti 20. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, don za ta sake ƙona maƙogwaron a hanyar fita. A ruga da shi likita, a tafi da gorar da ya sha.