Ciyar da ƙadangare mai gemu da kula da lafiyar cikinsa

Ƙadangare mai gemu, wanda masana ke kira Pogona vitticeps, ɗan dangin Agamidae ne, kuma asalinsa busassun yankunan tsakiyar Ostiraliya. Masanin dabbobi Bajamushe Ernst Ahl ne ya bayyana shi a 1926. Babba yakan kai santimita 60 har da wutsiya, a hannun mai kiwo kuma yakan rayu shekara 10 zuwa 15. Sunan ya samo asali ne daga fatar maƙogwaronsa mai ƙaya-ƙaya, wadda yake kumburawa ta yi baƙi idan ya fusata ko ya tsorata. Yana cin ƙwari, yana cin ganye, kuma galibin cututtukan da ke kai shi gaban likitan dabbobi daga abinci da yanayin kejinsa suke tasowa.

Zafi da haske

Jikin wannan dabba ba ya samar da ɗuminsa da kansa, saboda haka narkewar abinci a cikinsa ta dogara ga zafin wurin da yake zaune. A daji yakan hau dutse ko reshe da safe ya sha rana kafin ya shiga neman abinci. A keji, fitila ce ke tsaya masa a madadin rana. Wurin shan ɗumi ya kamata ya kai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Selshiyas, ɗaya ɓangaren kuma ya tsaya wajen 24 zuwa 27, don ya riƙa kai da komo yadda jikinsa ya buƙata. In zafi ya gaza, abinci yakan daɗe a hanji bai narke ba, dabbar ta daina ci, wani lokaci ta amayar. Shi ya sa ake jira sai ya yi kamar awa ɗaya yana shan ɗumi kafin a ba shi abinci, kuma ba a ciyar da shi dab da kashe fitila.

Akwai kuma hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda a keji fitila ta musamman ke bayarwa. Da shi fata ke haɗa bitamin D3, kuma da bitamin D3 ne hanji ke iya tsotse sinadarin kalsiyam daga abinci. Wannan haske ba ya ratsa gilashin taga, don haka ajiye keji a bakin taga ba ya wadatarwa. Ƙarfin fitilar UVB yana raguwa ko da tana ci gaba da haskawa, shi ya sa ake sauya ta bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinta. Nan ne sababbin masu kiwo suka fi yin kuskure: su kashe kuɗi a kan abinci mai kyau, su bar tsohuwar fitila a rataye.

Abin da yake ci

Abincinsa yana juyawa da shekaru. Ƙarami mai tasowa ƙwari ne mafi yawan cinsa, kuma ana ba shi sau biyu ko uku a rana. Idan ya wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi sai lissafin ya kife: ganye ya zama abincin kullum, ƙwari kuma sau biyu ko uku a mako.

Ƙwarin da aka fi amfani da su su ne gyare, fara, wani irin kyankyaso da ake kira dubiya da tsutsar baƙin ƙudan soja, wadda ta fi saura kalsiyam. Tsutsotsi masu maiƙo na marmari ne kawai. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce kada ƙwaro ya fi tazarar da ke tsakanin idanun ƙadangaren girma. Yawancin ƙwari suna da sinadarin fosfaras fiye da kalsiyam, alhali jikinsa na son kalsiyam ya kusan ninka fosfaras, don haka ake ciyar da ƙwarin da ganye mai kyau kwana ɗaya ko biyu kafin a miƙa su, sannan a barbaɗa musu garin kalsiyam.

A ɓangaren tsirrai, ganyen mustad, ganyen tanif da na dandeliyon sun dace da cin kullum, a haɗa da kabewa, tattasai da ɗan karas da aka goge. Alayyafo yana da sinadarin okzalet mai kama kalsiyam ya hana jiki amfana da shi, sai jefi-jefi. Farin latas kusan ruwa ne zalla. 'Ya'yan itace kaɗan ake bayarwa, domin haƙoran ƙadangaren a manne suke da ƙashin muƙamuƙi, kuma abinci mai zaƙi da laushi yana jawo ciwon dasashi da kan iya cin ƙashin. Abokado da rubab, wani tsiro mai tsami da Turawa ke ci, ba a ba shi su sam. Makesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, guda ɗaya tak yana iya kashe shi, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin guje wa ƙwarin da aka kamo a waje, balle ga maganin feshi da suke iya ɗaukowa.

Kashi da abin da yake nunawa

Lafiyayyen kashi yana da sashe biyu: mai launin ƙasa a dunƙule, da fari mai laushi wanda shi ne fitsarinsa. Idan farin ya bushe ya yi tauri, ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Ƙarami yakan yi kashi kusan kullum, babba kuwa yana iya yin kwanaki.

Cushewar hanji ita ce matsalar da ta fi saurin zama haɗari. Tana zuwa ne idan ƙadangaren ya haɗiyi yashi ko tsakuwar shimfiɗar keji, ko ƙwaro ya yi masa girma, musamman in an haɗa da ƙarancin zafi da na ruwa. Alamunta daina kashi, ƙin abinci, kumburin ciki, wani lokaci har ya riƙa jan ƙafafun baya. Zama a ruwa mai ɗumi wanda bai wuce kafaɗarsa ba na ɗan mintoci yana taimaka wa mai sauƙi, amma da zarar ƙafafu sun yi rauni, aikin likita ne, kuma jinkiri a nan ganganci ne. Shimfiɗa takarda ko tayil a kejin ƙanana yana rage wannan haɗari sosai.

Zawo mai wari ko mai jini da rama sukan nuna ƙwayoyin cutar hanji da ake kira koksidiya ko tsutsar ciki, kuma gwajin kashi ne kaɗai ke tantancewa. Ƙarancin kalsiyam yana sa ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, gaɓoɓi su riƙa karkarwa. Babban da aka cika wa ƙwari kuma yakan yi ƙiba, kitse ya taru a hantarsa.

A lokacin sanyi manya da yawa sukan lafa, su rage ci, su yi ta barci na makonni. Kafin a rage musu zafi ana dakatar da abinci kamar mako biyu har ciki ya fita, kada ragowar ta ruɓe a hanji.

Lafiyayyen ƙadangare ma yana iya ɗauke da ƙwayar Salmonella a hanjinsa ba tare da wata alama ba. A 2014 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta danganta ɓarkewar cutar a jihohi da dama da waɗannan dabbobi, kuma ƙananan yara na da yawa cikin waɗanda suka kamu. Ana wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi ko kejinsa, ba a wanke kwanonsa a wurin wanke-wanken abinci, kuma hukumar na ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su riƙa ɗaukarsa.