Maganar dubu 25 ta gwamnatin tarayya, dan Allah a daina biyan kuɗin fom

Jama'a wannan linkin da ake ta turowa a guruf-guruf na WhatsApp wai ka cike ka tura dubu biyu a saka sunanka a tallafin gwamnati, ƙarya ce tsagwaronta. Ba a cike fom ɗin tallafin a intanet, kuma ko sisi ba a biya.

Shirin na gaskiya shi ne wanda Tinubu ya ƙaddamar a Oktoban 2023 bayan cire tallafin mai, naira dubu 25 duk wata har wata uku ga gidaje miliyan 15 masu ƙaramin ƙarfi. Dubu 75 kenan gaba ɗaya, daga nan shikenan, ba albashi ba ne. Sunayen kuma daga kundin rajistar marasa ƙarfi na ƙasa ake ɗebo su, wanda ma'aikata ke bi gari-gari, mutanen unguwa su zauna su nuna gidajen da suka fi shiga matsi.

To inda ake ta rigima shi ne kalmar gida. Gida aka ce, ba kowane mutum ba. Duk masu ci a tukunya ɗaya gida ɗaya ne, mutum ɗaya ke karɓa a madadinsu, saboda haka in alat ya shigo wayar uwargida kai bai shigo maka ba babu wanda ya cinye naka, naku ne ya zo, sai a zauna a yi shawara a daina zagin kansila.

Sai maganar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da ake nema kafin a biya, wadda wasu ke tsoro, wai so ake a ɗora wa mutum haraji ko a biyo shi bashi daga baya. Gaskiya ne akwai rancen dala miliyan 800 na Bankin Duniya a cikin shirin, amma gwamnati ce ta ci bashin, kai kyauta aka ba ka. Abin da ya jawo tsananta NIN kuwa kowa ya sani, a Janairun 2024 an dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan zargin tura naira miliyan 585 wani asusu na mutum, aka tsayar da shirin, da aka dawo sai aka ce sai an tantance mutum da NIN kuma ta akawun za a biya. Hakan ya rage sunayen bogi, amma ni dai ina tausayin tsohuwar da ke ƙauye, ba waya ba akawun, ko wanda NIN ɗinsa ya ce Muhammadu banki ya ce Mamman, irinsu ne suka fi buƙata kuma su ne ke maƙalewa. Ga shi a 2024 dubu 75 ɗin ko buhun shinkafa ba ta saye a kasuwanni da yawa.

Masu karɓar kuɗin fom kuma su sani, wannan damfara ce, 419 kenan. Dokar damfara ta 2006 ta yanka ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba har zuwa 20, kuma babu zaɓin tara, wato ba zancen ka biya ka tafi gida. Duk wanda ya kira ka ya ce daga ofishin tallafi yake, turo lambar katinka ko lambobin da suka shigo wayarka yanzu, kashe wayar kawai, in ya riga ya ci kuɗinka ka garzaya banki a rufe katin sannan ka kai ƙara wajen ƴan sanda ko EFCC.