Karkarwar Ɗakunan Saman Zuciya

Karkarwar ɗakunan saman zuciya, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da AF, ita ce ta fi yawa a cikin cututtukan rikicewar bugun zuciya masu ɗorewa. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A jikin mai lafiya, wani ɗan ƙulli da ke ɗakin sama na dama ne ke sakin lantarki sau 60 zuwa 100 a minti, sauran sassan su bi shi. Idan cutar ta kama, lantarkin kan taso barkatai fiye da sau 300 a minti, ɗakunan sama su daina matsewa su koma karkarwa, na ƙasa kuma su riƙa bugawa ba tsari.

Masu ita kan zo asibiti da faɗuwar gaba, haki, jiri ko kasala. Wasu ba sa jin komai sai ranar da ɓarin jikinsu ya shanye. Gwajin ECG, wato ɗaukar hoton lantarkin zuciya, shi ne ke tabbatar da ita. Hawan jini, tsufa, ƙiba, giya, ciwon sukari da lalacewar marafan zuciya, wato ƙofofin da ke hana jini komawa baya, su ne kan gaba wajen jawo ta.

Haɗarin yana cikin wani ɗan aljihu da ke manne da ɗakin sama na hagu. Da ɗakin ya daina matsewa sai jini ya kwanta a ciki ya dunƙule, in gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Binciken Framingham na Amurka ya nuna a 1991 cewa AF na ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar.

Tarihi

A 1785 likitan Ingila William Withering ya bayyana amfanin ganyen da daga baya aka samo digoxin daga danginsa, maganin da har yau ake rage gudun zuciya da shi. Willem Einthoven na Holan ya wallafa hoton lantarkin irin wannan bugu a 1906, Thomas Lewis kuma ya fayyace cutar a Landan a 1909. Wajen 1912 wani ɗan kasuwa ya shaida wa likita Karel Wenckebach cewa duk sanda ya sha kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, bugun zuciyarsa kan daidaita. Daga nan aka kai ga quinidine, ɗan uwan kwinin, wanda Walter Frey ya nuna ingancinsa a 1918. A 1962 Bernard Lown ya fito da dabarar maido da bugu ta hanyar jan lantarki sau ɗaya a ƙirji.

Warfarin kuwa, maganin tsinka jini don kada ya dunƙule, daga garke ya samo asali. A shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada sun riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci ruɓaɓɓiyar harawa. Karl Link da abokan aikinsa a Wisconsin suka gano sinadarin da ke jawo zubar jinin, daga danginsa aka haɗa warfarin, aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, aka amince a bai wa mutane a 1954.

Maganin tsinka jini

Gwaje-gwajen da suka soma fitowa daga 1989, da aka haɗa sakamakonsu, sun nuna warfarin na rage shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi 64 cikin 100, asfirin kuwa wajen kashi 20 kacal. Shi ya sa ƙa'idojin yanzu ba su ɗauki asfirin a matsayin kariyar da ta isa ba, ko da yake har yanzu ana ba da shi saboda arha.

Daga baya sababbin magunguna huɗu suka fito waɗanda ba sa buƙatar awon jini a kai a kai irin wanda warfarin ke buƙata: dabigatran a binciken RE-LY na 2009, rivaroxaban a ROCKET-AF da apixaban a ARISTOTLE, duka a 2011, sai edoxaban a 2013. Kowane bincike ya ƙunshi mutum fiye da 14,000. Sun kamo warfarin ko sun ɗara shi wajen kariya, kuma zubar jini a ƙwaƙwalwa ya ragu da kusan rabi. Sai dai an cire masu tsukakken marfin zuciya mai tsanani da waɗanda aka dasa wa marfin ƙarfe daga waɗannan gwaje-gwaje, kuma yawancin waɗanda aka gwada tsofaffi ne masu kimanin shekara 70.

Wannan giɓi ya shafi Najeriya kai tsaye. A nan ana yawan ganin AF a jikin matasa waɗanda ciwon maƙogwaro na yarinta, da ba a yi masa maganin fenisilin ba, ya koma zazzaɓin da ya lalata musu marafan zuciya. Binciken REMEDY na 2015 ya bi irin waɗannan marasa lafiya 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, kuma asibitocin koyarwa na Jos da Abuja da Kano na cikin waɗanda suka ba da marasa lafiya. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, mata sun fi yawa, kuma kusan ɗaya cikin biyar na da AF. A cikin masu shan warfarin da aka auna, waɗanda jininsu ya tsinke daidai ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba.

An yi fatan sababbin magungunan za su raba waɗannan mutane da wahalar awo. Binciken INVICTUS na 2022, kan mutum 4,531 a Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya nuna akasin haka: masu shan rivaroxaban sun fi masu shan warfarin da danginsa mutuwa. Ana saɓani kan dalili. Wasu na ganin yawan ganin likita da awon ke jawowa ne ya amfani masu warfarin. Ga masu marfin ƙarfe ma, an dakatar da gwajin dabigatran kafin wa'adinsa saboda ƙaruwar gudan jini da zubarsa, aka wallafa sakamakon a 2013.

Shan warfarin

Awon da ake yi don sanin yadda jini ya tsinke sunansa INR, kuma abin da ake nema ga mai AF shi ne tsakanin 2 da 3. Ƙasa da haka babu isasshiyar kariya, sama da haka jini na iya ɓallewa. Da farko ana awo duk bayan 'yan kwanaki, in ya zauna a koma kusan wata-wata. Ga wanda ke zuwa Jos daga Pankshin ko Shendam, ko Gwagwalada daga ƙauyukan Abaji, kuɗin mota da na awo ne suka fi karya wannan tsari.

Abubuwa da dama na juya awon. Rifampicin na maganin tarin fuka yana rage ƙarfin warfarin ƙwarai, metronidazole da septrin da amiodarone kuma suna ƙara shi. Ibuprofen da diclofenac da ake saye a kemis suna jawo zubar jini a ciki. Alayyafo da kabeji da latas, waɗanda Filato ke nomawa da yawa, suna ɗauke da bitamin K mai rage aikin maganin. Ba a hana cin su, abin da ake so shi ne kada a ci da yawa wannan mako a daina mako mai zuwa. Jiƙo da sauran magungunan gargajiya sai an gaya wa likita. Warfarin na iya illata ɗan tayi, don haka mace mai shirin ɗaukar ciki tana buƙatar a sake mata tsari tun kafin ta ɗauka. Baƙin bayan gida, jinin dasashi ko haɓo da ya ƙi tsayawa, da ciwon kai mai tsanani, alamu ne na a garzaya asibiti.

Rage gudu ko maido da tsari

Binciken CAST na 1989 ya girgiza likitoci: magungunan daidaita bugu flecainide da encainide sun gyara hoton ECG na waɗanda suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, amma sun ƙara yawan mutuwa a cikinsu. A 2002 AFFIRM, mai mutum 4,060, bai ga bambancin tsawon rai ba tsakanin rage gudun zuciya kawai da ƙoƙarin maido da tsarinta. RACE II na 2010 ya nuna riƙe bugu ƙasa da 110 a minti ya wadatar ga mutane da yawa. Sai a 2020 EAST-AFNET 4 ya nuna cewa in an fara maido da tsari cikin shekarar farko, munanan sakamako kan ragu da kusan kashi 21 cikin 100.

Idan AF ta daɗe, ko ba a san lokacin da ta fara ba, ba a jan lantarki a ƙirji sai an sha maganin tsinka jini na mako uku, ko an leƙa aljihun ɗakin sama na hagu da na'ura ta maƙoshi an ga babu gudan jini, sannan a ci gaba da sha aƙalla mako huɗu.

Ƙona tushen cutar

A 1998 Michel Haïssaguerre da tawagarsa a Bordeaux ta Faransa suka gano cewa lantarkin da ke tayar da AF galibi daga bakin jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu yake fitowa. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi zuwa zuciya a kewaye bakin jijiyoyin da tabo, da zafi ko sanyi ko bugun lantarki. CASTLE-AF na 2018 ya nuna raguwar mutuwa ga masu gazawar zuciya. CABANA na 2019 bai nuna bambanci bayyananne ba tsakanin wannan aiki da shan magani, kuma ana jayayya a kansa domin da yawa sun sauya ɓangare ana tsakiyar bincike. Cibiyoyin da ke wannan aiki kaɗan ne a Afirka kudu da Sahara.

Sauran rikice-rikicen bugu

Bugu mai jinkiri sosai ana dasa masa na'urar taimaka wa bugu a ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda aka fara dasawa a Suwidin a 1958.