Mene ne maganin shaye-shaye tare da iyali a wajen Kirista?

Hanya ce da ake zaunar da mai shaye-shaye tare da mutanen gidansa, mata ko miji, iyaye, wani lokaci har yaran da suka yi wayo, a gaban ƙwararren mai ba da shawara. Dalili kuwa, giya ko tiramadol ko kodin ba mai shan kaɗai suke canzawa ba. Matar ta koyi ɓoye kuɗin cefane a cikin buhun masara, uwa ta saba biyan bashin gidan burkutu don kada a ji, babbar 'ya ta zama mai renon ƙannenta. Idan aka sallamo mutum daga asibiti ya tarar da gidan yadda ya bar shi, komawa ruwa ba ta da wuya.

Kiristoci sun daɗe a wannan fage. Vernon Johnson, limamin cocin Episkofal a Amurka, shi ya yaɗa tsarin da dangi ke taruwa su tunkari mashayi gaba ɗaya, tun shekarun 1960. A 1991 John Baker ya kafa Celebrate Recovery, shirin taimaka wa masu fama da shaye-shaye da makamantansu, a cocin Saddleback da ke Kalifoniya, ya ɗora shi a kan albarkun da Yesu ya furta a Matiyu 5. Sai dai tsarin Johnson na tara dangi yana da rauni: iyalai da yawa kan janye kafin ranar, saboda nauyin fuskantar ɗan'uwa. Wani bincike na 1999 ya gwada hanyoyi uku da dangin mashaya giya masu ƙin magani. Tsarin CRAFT na Robert Meyers, wanda ke horar da dangi su canza yadda suke mu'amala da mashayin ba tare da faɗa ba, ya kai kashi 64 cikin ɗari na mashayan ga karɓar magani. Tsarin Johnson ya kai kashi 30, na Al-Anon, ƙungiyar da dangin mashaya ke haɗuwa su tallafi juna, kashi 13.

Akan yi zama na kamar awa ɗaya kowane mako, wajen sau goma sha biyu. Tambayar farko ita ce ko akwai duka a gidan. In akwai, ba a haɗa miji da mata wuri ɗaya, domin abin da ta faɗa da rana za ta biya shi da dare. Ana ganinta ita kaɗai, a shirya inda za ta fake da yara. Faston da ya ce mata ta koma ta ƙara haƙuri a irin wannan hali ya jefa ta cikin haɗari.

Daga nan sai a bi sawun shan: wace rana, ƙarfe nawa, da su wa, me ke faruwa kafin nan. Sau da yawa ranar albashi ce, ko ranar kasuwa, ko bayan cacar baki. Sai a koya wa iyali magana. Ba a yi wa mutum wa'azi yana cikin maye, don gobe ba zai tuna ba. A jira ya wartsake, a taƙaita, a ambaci abu ɗaya. Maimakon “ka zubar mana da mutunci”, matar ta ce: “Baban Rifkatu, jiya yaran sun jira ka har suka yi barci. Ina so mu ci abincin dare tare yau.” Ranar da ya dawo garau, a nuna masa an gani, a zauna hira da shi. Ranar da ya dawo a buge, ba zagi, ba kuma hira.

Wurin da aka fi shan wahala shi ne rufin asiri. Mai bi yana ganin ƙauna ce ya kira wurin aikin ɗan'uwansa ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ko ya karɓo wayar da aka jinginar. Wannan yana ɗauke wa mashayi zafin abin da ya yi, kuma zafin nan ne yakan sa mutum ya nemi taimako. Masu ba da shawara na Kirista sukan buɗe Galatiyawa 6, inda aya ta 2 ta ce a ɗauki nauyin juna, aya ta 5 kuma ta ce kowa zai ɗauki nasa kaya. Rakiya zuwa asibiti da ciyar da yara nauyi ne da ake tayawa. Bashin giya kayansa ne. Haka a misalin ɓataccen ɗa a Luka 15, uban bai bi ɗan da guzuri zuwa ƙasa mai nisa ba, amma bai kulle ƙofa ba. Gafara ma ana bambanta ta da amana: a yafe yau, amma katin banki ya zauna hannun matar har an ga watanni na gaskiya.

Ikilisiya tana da nata aiki, in ta iya riƙe baki. Sa mutum a horo da hana shi Jibin Ubangiji ba tare da wani dattijo yana bibiyarsa ba yakan kore shi ne zuwa inda ake maraba da shi. Matsalar da aka kai zumuntar mata a matsayin roƙon addu'a, har da suna, kafin Lahadi ta zaga gari.

Addu'a da azumi ba sa maye gurbin likita. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, in ya tsaya farat ɗaya, jijjiga irin ta farfaɗiya kan iya kama shi cikin kwana biyu, ruɗewa da gane-gane kuma wajen kwana na uku, kuma hakan na kisa. Ba aljanu ba ne, asibiti ake kai shi. Ɗaure mutum da sarƙa ko dukansa a gidan addu'a zalunci ne, ba ya warkar da kowa.

Tun kafin a gama zama ake rubuta abin da za a yi in ya sake sha: wa za a kira, wa zai kwashe yara, yaushe za a koma wurin mai shawara. Mai tiramadol ko kodin da ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ba ya ɗaukar adadin da ya saba. In aka same shi ba ya farkawa, numfashi ya yi ƙasa, a kwantar da shi a gefe guda, a garzaya asibiti, a gaya wa likita ainihin abin da ya sha.