Ƙaramin amfilifayan bes mai kafar DI: gardamar nan ba yau ta fara ba

Kwana biyun nan masu kaɗa jitar bes sai cacar baki suke, wasu sun ce ƙaramin kwambo (amfilifaya da sifika a akwati ɗaya) mai kafar DI, wato kafar da ke tura sautin jita kai tsaye zuwa miksa, ya ishi kowa, wasu kuma sun kafe sai dai ƙaton akwati mai sifika takwas. Wanda ya shigo harkar jiya zai ɗauka sabon yayi ne, alhali abin ya daɗe yana tafe.

Tarihin da kowa ya haddace gajere ne. Kamfanin Fender ya fito da jitar Precision Bass a 1951, amfilifayansa Bassman ya biyo a 1952, kamfanin Ampeg ya kawo amfilifayan B-15 a 1960, sai SVT a 1969 mai wat 300 wanda kansa kaɗai ya kusa kilo 40, ban da akwatin sifikar. A lokacin dole a yi girma, tunda duk bes ɗin da na bayan zaure zai ji daga amfilifayan makaɗi yake fitowa.

Abin da ba a cika faɗa ba kuwa, a ɗakunan ɗaukar sauti na Detroit ya faru, a shekarun 1960. Injiniyoyi irin su Ed Wolfrum suka haɗa wani ɗan akwati da tiransifoma a ciki, shi ne akwatin DI, ka soka jita ta gefe ɗaya, waya ta fita ta ɗaya gefen ta wuce miksa kai tsaye, ba makirufo ba sifika. A kamfanin waƙa na Motown ma kai tsaye ake soka bes ɗin makaɗinsu James Jamerson. Matsalar da akwatin ya kashe kuwa ita ce siginar jita ba ta jure doguwar waya, kana jan ta da nisa sautin zai dushe ga ƙugi ya shigo, to shi tiransifoman sai ya mayar da ita irin wadda miksa ke so, ta bi wayar nan mai fil uku, XLR, ta yi mita 30 ba ta kwaso hayaniya ba. Da dabarar ta hau dandamali, manyan sifikun taro suka karɓe aikin cika zaure, amfilifaya ya koma na kunnen makaɗi kawai. Daga baya masu ƙerawa suka cusa akwatin cikin amfilifayan, ita ce kafar DI ɗin.

Yawanci ana yaba wa nau'in amfilifayan da ake kira ajin D da maganaɗisun sifika na niyodimiyom da suka rage nauyi a shekarun 2000. Sun taimaka, ba musu. Amma ni dai a ganina rashin nauyi kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba, tsirkiyar E tana sauka har wajen 41 Hz, sifika ɗaya mai inci 10 ba za ta cika zaure da wannan ba komai sauƙin ɗaukarta, sai kafar DI ta miƙa aikin ga manyan sifikun taro.

Shi ya sa in za ka sayi ƙaramin amfilifaya, kafin ka tambayi wat nawa ne, juya bayansa tukuna. Akwai kafar XLR? Akwai madannin da zai zaɓa ko siginar ta fita kafin gyaran sautinka ko bayansa? Akwai na yanke layin ƙasa in ƙugi ya taso? Sannan ka gwada murɗa ƙarar, in siginar da ke zuwa miksa tana binta sama da ƙasa to ka shirya shan harara daga injiniyan sauti duk sanda ka kai hannu a tsakiyar waƙa.