Ruwan kwata a Zariya

Ruwan kwata shi ne ruwan da aka gama amfani da shi aka zubar: na wanka, na wanki da wanke-wanke, na bayan gida, da wanda ke fitowa daga mayanka da marina. A Zariya mafi yawansa ba ya bi ta wata matata. Wani yana nutsewa ƙasa ta masai da sokawe, wani ya bi lambatu ya faɗa rafin Kubanni, wanda ke zubawa a kogin Galma.

Tarihi

Birnin Zazzau ginin ƙasa ne tun asali, daga gidaje har ganuwar da ake dangantawa da Sarauniya Amina, wadda mafi yawan ƙauli ke sanya zamaninta a wajajen ƙarni na 16. Ramukan da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu su ne suka zama kududdufai. Kowane gida yana da rariya a gindin katanga. Ruwa ya fito ta nan, ya bi lungu, ya gangara kududdufin unguwa. A can dauɗa take kwantawa a ƙasa, rana ta daki ruwan, kainuwa ta rufe samansa, agwagi na iyo a tsakani.

Bahaya kuwa ba a haɗa shi da wannan ruwa. Salga ake haƙawa a ƙuryar gida. Idan ta cika sai a binne ta a haƙa wata, bayan ta daɗe ta bushe a kwashe a kai gona a matsayin taki. Tsarin yana tara sauro da wari, ba shakka, amma akwai hikima a cikinsa, domin ƙazanta ba ta yin nisa da inda aka yi ta.

Da layin dogo ya iso a wajajen 1911, Sabon Gari ya kafu, Tudun Wada ta bunƙasa, daga baya famfo ya shiga gidaje. Ruwan da ake zubarwa ya ƙaru, su kuma kududdufai da dama aka cike su da shara aka yi gini a kai. Abin takaici, ba a yi wa ruwan wata sabuwar matattara ba.

Tafkunan Samaru

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da bututan da ke kai ruwan bayan gida zuwa tafkunan tacewa a Samaru. A irin wannan tsari ruwa yana wucewa daga tafki zuwa tafki: kauri ya kwanta a na farko, ƙananan halittun da ido ba ya gani da gansakuka su cinye ragowar dauɗa a na gaba, hasken rana ya kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Ba ya bukatar lantarki, sai fili da yashewa lokaci-lokaci.

Amfani a yau

Da rani masu lambu a bakin Kubanni suna ban ruwa da ruwan rafin, suna noma latas, kabeji da alayyaho.

Hanyarsa zuwa teku

Zariya tana nesa da teku, amma ruwanta yana isa can. Galma tana zubawa a kogin Kaduna, Kaduna ta shiga Neja, Neja ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, daga nan ya ratsa Neja Delta ya faɗa Tekun Atlantika. Kogi yana narkar da wani ɓangare na dauɗa a hanya, amma leda da robobi ba sa narkewa. Sinadaran da ke cikin bahaya da sabulu kuma tamkar taki suke ga ciyayin ruwa, waɗanda idan suka yi yawa suka ruɓe sai iskar da kifi ke shaƙa ta ragu.

Najeriya tana cikin yarjejeniyar Abijan ta 1981 kan kare gaɓar tekun yamma da tsakiyar Afirka, kuma a 2007 ta kafa hukumar NESREA don tilasta bin dokokin muhalli.